Tukwicin Alheri

Sunana Alheri. Sunan da aka kira ni da shi ke nan ranar da aka yi mini baftisma a kogin Gwaram, lokacin ina shayar da ɗana na biyu. Kafin nan Laraba nake, don ranar Laraba aka haife ni, kuma iyayena ba su wahalar da kansu neman wani suna ba. Ban taɓa zama a aji ba. 'Yata Rifkatu ce ke riƙe da biro, ni ce mai baki, kuma na ja mata kunne kada ta gyara mini magana ko ɗaya.

Ƙauyenmu yana tsakanin Birnin Kudu da Gwaram. 'Yan gidaje ne na masu bin Almasihu a tsakiyar Musulmi, kakanninmu ɗaya da su, rijiyarmu ɗaya. Sana'ata daddawa. In kin taɓa sayen daddawa a kasuwar Sara, kika kai gida, miyarki ta sa maƙwabta leƙe, to ki bincika, tawa ce. Shekara talatin kuma ni ke buga tulu a cikin matan zumunta na coci, ba a taɓa ce mini na kuskure kiɗa ba.

Amma akwai wata goma sha ɗaya da na ajiye sunan Alheri na koma Laraba, a ƙasar Libiya. Labarin da zan ba ku ke nan: yadda na yar da sunan, da yadda maza biyu masu karatu suka yi ta gardama ko Allah ma ya yar da ni, ina zaune a gabansu kamar buhun gero a bakin kasuwa.

Ba zan ɓata muku lokaci da yadda na bar gida ba. Maigidana ya rasu, masu gawayi sun cinye ɗorawar dajinmu, kalwa ta yi wuya, ga yara biyu a makaranta. Wata mata mai zobe a kowane yatsa ta shigo kasuwa ta ce a Libiya ana neman manyan mata masu iya girki. Muka bi ta, ni da Hanne.

Hanne 'yar Sundimina ce, Musulma, mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Shekara ashirin rumfarmu ɗaya. Tana ce mini Bamagujiya, ina ce mata uwar kasala, don ba a taɓa buɗe kasuwa da ita ba. In ta tashi salla ni ke tsare mata kaya. In ciniki ya faɗo ranar sujada, ita ke sayar mini da nawa.

A Agadas mai zobba ta ajiye mu a wani gida, ta ce za ta je ta gyara mana takardu. Har yau tana gyarawa. Kwana goma sha tara muka yi a gidan nan, ba rufi sai inuwar katanga, muna bin ta kamar kaji, da safe nan, da yamma can. Wani mutum ya sayar mana da jarka biyu, ya rantse da kabarin uwarsa ba abin da suka taɓa ɗauka sai ruwa. Sai da muka shiga sahara muka san uwarsa tana da rai ko kuwa shi bai damu da ita ba, don kowane kurɓi da ɗanɗanon fetur yake sauka.

Amma a garin nan ne wata Buzuwa, maƙwabciyar gidan, ta leƙo ta katanga ta ga Hanne tana kuka. Ta sauka. Ta dawo da cuku da dabino a gefen mayafi, ta nuna mana yadda ake naɗe jarka da buhu, da yadda ake riƙe ƙwallon dabino a baki don kada yawu ya ƙafe. Ban san sunanta ba. Na ba ta curin daddawa biyu daga cikin wadda na ɗauro a tsumma, ta sansana ta yamutsa fuska, muka yi dariyar da ba mu yi ba tun daga Damagaram.

Motar da ta ɗauke mu buɗaɗɗiya ce, mu fiye da ashirin a baya, kowa da sanda tsakanin ƙafafunsa yana riƙe don kada ya faɗo. Direba ya faɗa tun farko cewa wanda ya faɗo ba a tsaya masa. Kusa da ni wata budurwa ce daga Gana, da ɗan gicciye a zare a wuyanta. Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba. Ta ce sunanta Afuwa, wai a yarensu haihuwar Juma'a ke nan. Na ce mata to ni da ke duk 'ya'yan rana ne. Da rana ta yi zafi sai ta kwantar da kanta a kafaɗata, ni kuma ina yi mata waƙar zumunta a kunne. Ba ta san kalmomin ba, amma ta san muryar, tana bi da hanci.

Rana ta huɗu, da hantsi, motoci biyu suka tare mu. Ba sojan kowa ba ne, 'yan fashi ne, fuska a naɗe. Kafin mu sauka Hanne ta zaro hijabinta na biyu ta zura mini a ka, ta ce, "Rufe bakinki, Laraba." Shekara ashirin ba ta taɓa kira na da sunan nan ba.

Suka jera mu a rana. Ɗaya daga cikinsu yana jin Hausa, shi ke tambaya. Kirista suke warewa gefe. Daga baya direba ya ce wai sun ɗauka mutanen coci suna da masu fansarsu a ƙasashen Turawa. Na raɗa wa Afuwa ta tura gicciyen cikin riga. Ta dube ni, ta girgiza kai. Da aka zo kanta, ba ta ma jira tambaya ba, ta ɗaga shi sama. Aka ja ta gefe.

Ya zo kaina. "Ke fa, tsohuwa?"

"Laraba."

"Musulma?"

"Eh."

"Faɗi kalmar shahada mu ji."

Wanda ya tashi a ƙasarmu, ko bai taɓa taka masallaci ba, kunnensa ya haddace ta. Na faɗe ta tiryan-tiryan, ban yi tuntuɓe ko ɗaya ba. Ya kalli tsagar fuskata, ya nuna waɗanda aka ware da bakin bindiga.

"Na ga kina yi wa waccan raɗa. Ba tare kuke ba?"

Na yarfa hannu na ce, "Ba ruwana da su."

Afuwa ba ta jin Hausa, amma yarfa hannu ba ya bukatar tafinta. Ta gani. Aka loda su biyar a mota, aka tafi da su gabas. Ban sake ganinta ba.

Washegari muka isa wata rijiya. Kowa ya ruga ruwa, ni na zauna a gindin taya. Hanne ta kawo mini a murfin jarka. Na tuɓe munduwar azurfa da na gada wurin uwata, wadda hijabi ya ɓoye wa 'yan fashi, na danƙa mata.

Ta ce, "Ke Bamagujiya, rana ce ta taɓa miki kai? Mene ne wannan?"

"Kin ceci raina."

"Au, sayar miki na yi? Mayar da abinki kafin in kwaɗa miki murfin nan. Wanda ya ga damar barin ki da rai, shi ya aiko ni da hijabi. Ni 'yar aike ce. In kina da kunya, ba ni tukwicina."

Ta sa hannu a tsummana ta ɗauki curin daddawa guda, ta ƙulle a bakin zani. Na ce, "Hanne, yanzu na zama taku ke nan?"

"Da bindiga a goshi? Mu ba ma karɓar irin wannan. Ki koma wa wanda kike bauta wa, shi za ki ba haƙuri."

Abin da na kasa ke nan. Na buɗe baki zan yi addu'a, sai in ga hannuna yana yarfawa.

A Sabha aka raba mu, Hanne wani gida, ni wani. Babban ɗan gidan ya tsaya a bakin ƙofa ya tambaye ni ko ni Musulma ce, don ba ya son wata iri ta taɓa uwarsa. Na ce sunana Laraba. Ƙarya ta biyu ta fi ta farko sauƙin fita, abin da ya fi tsorata ni ke nan.

Uwar tasa, Hajja Mabruka, ƙafafunta sun mutu shekara da shekaru. Ubanta falke ne da ya yi zaman Kano, don haka tana da 'yar Hausa irin ta mutanen da, duk ta yi tsatsa. Na tarar da bayanta duk gyambo saboda kwanciya. Mata uku sun gudu kafin ni. Ni kuwa na yi jinyar surukata shekara shida, na san aikin. Ina juya ta, ina wanke ta da ruwan gishiri mai ɗumi, ina shafa mata man zaitun, ina fitar da ita hantsi. Kafin wata uku bayanta ya koma kamar na jariri. Likitansu ya zo ya duba, ya tambaya wace makaranta na yi. Na ce a gaya masa makarantar surukai.

Wata rana na gaji da makaroni, na samo kuka wurin wasu 'yan Nijar, na kaɗa miya na jefa daddawata. Gidan kaf suka fice tsakar gida suna toshe hanci. Hajja kuwa ta ƙwala kira daga ɗaki, "Kawo! Kawo!" Ta ci tana hawaye, wai warin rigar ubanta ke nan in ya dawo daga fatauci.

Ta wannan gefen na zauna lafiya. Amma duk lokacin da aka kira salla, sai in shiga ɗakin ajiya in ja ƙofa, in zauna a kan buhun shinkafa har in ga an isa idarwa, in fito. Sau biyar a rana. Ƙasar ba ruwan sama, ba ƙanshin ƙasa. Ina zaune a kan buhun nan ina lissafin gida: yanzu an yi shuka, yanzu mutanen Kangire suna noman farko, yanzu duwatsun Birnin Kudu sun jiƙe sun yi baƙi, awaki na zamewa a kansu. In kewa ta ci ƙarfina a kicin, sai in kifa tukunya ina bugawa a hankali kamar tulu, ina waƙa a maƙoshi.

Waƙar nan ce ta tona ni. Wani magini da ke gyaran katangar gidan ya zo neman ruwa, ya tsaya a bakin taga, ya ce da Hausa, "Mama, wannan waƙar ba a masallaci kika koye ta ba." Na kusa sakin kofi. Sunansa Barnaba, Bazazzage. Ya ce akwai wani kango a bayan kasuwa inda masu bi ke taruwa ranar Juma'a da rana, don ita ce ranar hutu a can. Ni ma ranar ake bari na in je gaida Hanne. Na fara raba ranar biyu.

Ba mu fi mu goma ba a kangon. Mai ja mana gaba Malam Istifanus ne, Badamagare, mai walda, dogo, ba ya dariya sai da dalili. A garinsu mai bishara ne. Da na ji asalinsu na ce, "To, Badamagare da Bazazzage! Ashe bayina biyu na tarar." Don mu Kanawa ne, ko da an yanke mu an ce Jigawa, kuma su biyun duk abokan wasanmu ne. Barnaba ya ce, "Mama, Bakano ko a sahara sai ya nemi wanda zai cuta." Har Istifanus sai da ya murmusa.

Juma'a ta uku aka kawo jibin Ubangiji: gurasa a faranti, ruwan zoɓo a kofi. Istifanus ya ce kowa ya binciki zuciyarsa kafin ya miƙa hannu. Ni ba na cin abu a ɓoye. Na miƙe na faɗi komai, da hijabi, da shahada, da Afuwa, da yarfa hannu, da buhun shinkafa.

Istifanus ya ɗauki faranti ya bi layi. Da ya zo kaina sai ya wuce.

Barnaba ya ce, "Malam, ka tsallake Mama."

"Ban tsallake ta ba. Ita ta fita." Ya juyo gare ni, ba da faɗa ba. "Inna, ceto ba tsagar fuska ba ce, da za a ce ko an so ko an ƙi tana nan. Alkawari ne tsakanin biyu. Shi ya riƙe nasa har mutuwa. Ke kin saki naki a gaban mutane, kuma har yau sakinsa kike yi, sau biyar a rana."

Barnaba ya ce, "In ƙarfin hannunmu ne ke riƙe da ceto, wa zai kai la'asar da nasa? Alheri ne, Malam, kyauta ce. Uwa ce ke goye da ɗa, ba ɗan ke goye da uwa ba. In ya saki wuyanta don tsoro, zani yana nan."

"Ashe sai kowa ya je ya yi abin da ya ga dama, zani yana nan! Yarinyar da aka tafi da ita fa? Wauta ta yi ke nan? Da ita ma ta yarfa hannu ta huta?"

"Ban ce haka ba. Wanda aka cece shi da gaske ba ya dawwama a faɗuwa."

"To ita wata nawa ke nan? Ka ga da bakinka ka ce wataƙila tun farko ba a cece ta ba."

Barnaba ya sosa ƙeya. Wannan ta fi ta Istifanus ciwo. Shi ya ce na samu na yar. Mai kare ni kuwa, maganarsa ta kai ga ban ma taɓa samu ba. Shekara talatin ina buga tulu, ashe ko duk ihu nake a banza?

Daga ranar na koma zama a kan bulo a baya, kamar yadda ake sa wanda ke ƙarƙashin horo a bencin baya a gida. Ba wanda ya ce in koma can, ni na kai kaina. Su kuwa ba su bar gardamar ba. Kowace Juma'a kowa da ayoyin da ya kwaso a mako, wannan ya buɗe nan, wancan ya buɗe can, har zoɓo ya huce. Wata rana na ce, "Ku bayin nan, in kun gama cinikina ku gaya mini wanda ya saya." Suka yi dariya, amma faranti ya sake wuce ni. Garin kuwa ba ranar da ba a jin harbi. Ni tsohuwa ce. Abin da nake so in sani ɗaya ne: in harsashi ya same ni a hanyar kasuwa, gida za ni ko waje?

Na gaya wa Hanne. Ta ce, "Malamanmu ma haka suke, in sun kama zance ba sa saki. Ci tuwo." Ta ba ni rabin nata.

Ana nan, Salma, 'yar autar Hajja, ta dawo daga Umra. Ina kicin ina wanke-wanke ta shigo da darduma koriya, mai laushi kamar bayan kyanwa, ta ce in ji Hajja, tawa ce. Na goge hannu, na durƙusa na karɓa da hannu biyu. Ban ma yi tunani ba, ƙafata ta kai ni wurin ƙullin kayana. Ina da sabon ɗankwali da ban taɓa ɗaurawa ba, na ɗauko na miƙa wa Salma.

Yarinya ta yi tsalle kamar na miƙa mata kunama. Ta jefar da ɗankwalin, tana ta zuba Larabci, abin da na tsinta shi ne uwarta ba 'yar kasuwa ba ce da za a biya ta. Ta ja ni har gaban Hajja tana kai ƙara.

Na ce, "Hajja, ba biya na yi ba. A garinmu in babba ya aiko maka da kyauta, ba ka biyansa, ba ka ma isa ba. Amma ba ka barin ɗan aike ya koma hannu wofi. Ba farashi ba ne. Shaida ce cewa kyauta ta iso, kuma gidan mutane ta iso."

Hajja ta tafa hannu. "Tukwici! Ubana yana faɗa!" Ta fassara wa Salma, tana dariya har da tari. Sannan ta ce, "To in ba a bayar ba fa? Mai kyauta ya aiko a karɓe abinsa?"

Na ce, "Haba, Hajja! Wane irin mutum ne zai yi haka? Kyauta ta zama taka. Sai dai kunya ta kashe ka duk ranar da kuka haɗu a hanya."

Ina rufe baki na ji abin da na faɗa. Na tsaya da darduma a hannu kamar an dasa ni. Watanni maza biyu suna buɗe takardu a kaina, ashe amsar tana ƙulle a bakin zanin Hanne tun daga rijiya. An aiko mini da kyauta tun a kogin Gwaram. Ranar da aka tambaye ni a sahara, ɗan aiken mai kyautar ne tsaye a gabana yana jiran tukwici, na rufe masa ƙofa. Kuma bai tafi ba.

Na shimfiɗa dardumar a gaban gadonta. Na ce, "Hajja, wannan kyautar ba ta san gidan da ta zo ba. Ni ba na salla. Sunana Alheri. Ni Kirista ce, mai bin Yesu Almasihu. Ƙarya na yi wa ɗanki a bakin ƙofa."

Salma ta ji kalmar Kirista, ta dafe baki. Hajja ta dube ni.

Ta ce, "Don ƙafafuna sun mutu kin ɗauka kunnuwana ma sun mutu? Wata nawa kina buga mini tukunya kina waƙa? Mai salla da ba ta taɓa jiƙa ƙafa ba!"

"To don me kika ba ni darduma?"

"Salma ta ce a kan buhu kike zama. Tsohuwa kamarki." Ta tura dardumar da sandarta. "Ɗauki abinki. Ni abin da na bayar ba ya dawowa."

Ɗanta kuwa da ya ji, bai zage ni ba, bai taɓa ni ba. Ya ce kwana uku in tattara. Hajja ta yi masa faɗa har muryarta ta dishe, bai canza ba. Ranar tafiya ta riƙe wuyan hannuna ta ƙi saki, sai da Salma ta ɓamɓare yatsunta. Salmar nan kuwa, ɗankwalina ne a kanta. Na bar wa Hajja sauran daddawata duka, na nuna wa Salma yadda ake juya ta da yadda ake jiƙa kuka. Na fita ba aiki, ba wurin kwana sai kango, inda na koma dafa wa magina abinci.

Ranar Juma'a ban nufi bulo ba. Na wuce gaba, na shimfiɗa koriyar darduma a gaban faranti, na zauna. Ido ya yi caa a kaina.

Istifanus ya ce, "Inna, mene ne wannan?"

Na ba su labari daga ɗankwali har kora. Sannan na ce, "Ni ban iya karatu ba, amma na iya karɓar kyauta, ku kuwa da alama ba a koya muku ba. Kai Istifanus, ka mai da tukwici farashi. Kana ganin amincina ne ya sayi ceto, shi ya sa da ya ƙare ka ce a mayar da kaya. Da wane amincin zan saye shi? Tsohuwar da ba ta iya tashi daga gado ma ba ta karɓe kyautarta ba, balle shi."

Barnaba ya yi tsalle. "Na faɗa! Malam, ban faɗa ba?"

Na ce, "Kai ma rufe mini baki, Bazazzage. Wata nawa kana ce mini zani yana nan, zani yana nan? Ko sau ɗaya ka taɓa cewa, Mama, tashi ki je ki faɗi gaskiya? Da ta taka ce, da har yau ina kan buhun shinkafa. Wannan Badamagaren da ya hana ni gurasa, shi ya hana ni sakewa da ƙarya."

Istifanus bai yi dariya ba. Ya ce, "In da kin mutu a tsakani fa, Inna? Kafin tukwicin?"

"Ban sani ba, ɗana. Ban mutu ba. Wanda ya hana harsashi samuna wata goma sha ɗaya, ina jin jira yake."

"Yarinyar fa?"

"Ita ta ba da nata nan take, babba, wanda ban kai ƙafarsa ba. Ni na makara da nawa, kuma ƙarami ne. Amma gida ɗaya aka aiko mana."

Ya daɗe riƙe da faranti. Ya ce, "Ban ce na yarda da Barnaba ba."

"Ban ce ka yarda ba. Miƙo."

Ya gutsura gurasa ya sa mini a tafin hannu. Ya ce, "Karɓi, Alheri." Rabon da in ji sunan nan a bakin mutum tun Agadas.

Bayan wata biyu masu mayar da baƙi ƙasashensu suka kwaso mu zuwa gida, ni da Hanne, da kayan jikinmu da koriyar darduma. Ban dawo da dukiya ba. Yaran sun gama makaranta da daddawa, kamar yadda suka fara, sai dai yanzu daga nesa nake sayo kalwa. Dardumar tana rumfarmu. In azahar ta yi Hanne ta yi salla a kai, in ta idar in karɓe abina in zauna. Har yau duk wanda ya dawo daga Libiya sai na je na tambaye shi labarin wata 'yar Gana mai gicciye a zare. Ba wanda ya sani. Jikata ta fari sunanta Afuwa.

Na ji Istifanus da Barnaba ba su daina ba, yanzu ta waya suke yi. Kwanakin baya sabon fastonmu, yaro mai karatu, ya zo har gida ya durƙusa ya ce, "Mama, an ce ke kin gani da idonki. Ceto yana ɓacewa ko ba ya ɓacewa? Dattawa sun rabu biyu, kuma ranar Lahadi zan yi wa'azi a kai."

Na ce, "Fasto, ni ba malama ba ce. Nawa dai na yar da shi a rairayi da bakina, na yi tafiyar kwana da kwanaki, na tarar ya riga ni isa Sabha. Ka gaya musu haka."

Ya fara rubutawa da murna. Na riƙe masa biro.

"Amma kada ka tsaya nan. Ka ce musu ɗan aike yana nan tsaye a zaure, kowa ya tashi ya duba abin da ke ƙullin kayansa."